Wasiƙa Daga Maryland: Auta, Ajiye Kalkuleta Mu Yi Maganar Ƙwallo



 A gaida Hajiya da kyau, a ce mata saƙonta ya iso, yajin har maƙwabta sun ɗanɗana. Mu dai sai godiyar Allah. Sanyi ya fara leƙowa, ganyayen bishiya sun yi jajawur suna ta zuba, kullum da safe sai mutum ya share ƙofar gida kamar ɗalibin da ya makara aka ba shi horo.

Yau ba labarin aiki ko tsadar haya na zo muku da shi ba. Rigima na kawo, kuma da Autanmu nake. Ranar Lahadin da ta wuce, a zauren gidanmu na WhatsApp, wani daga cikin yaran ya jefo tambaya: a duk tarihin ƙwallon ƙafa, wa ya fi kowa kyan wasa? Ku lura da tambayar da kyau. Yaron bai tambayi wanda ya fi zura ƙwallo a raga ko tara kofuna ba, kyan wasa ya ce. Kafin in idar da sallar la'asar in dawo, Auta ya turo amsa: Cristiano Ronaldo. A ƙarƙashin sunan ya jero ƙwallo sama da 900, Ballon d'Or biyar, Kofin Zakarun Turai biyar, ya rufe da cewa ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Yara suka yi ta aiko masa da hoton tafi. Sau uku ina rubuta amsa ina gogewa, don maganar ta fi ƙarfin saƙon waya. Shi ne na ce bari in zauna in rubuto ta a nan, inda ba mai katse ni da hoton dariya.

Auta, lissafinka daidai ne, ban ƙaryata ko ɗaya ba. Har zan ƙara maka wanda ka manta: ƙwallon da ya juya ya buga ta baya a ragar Juventus a Turin cikin Afrilun 2018, wadda magoya bayan Juventus da kansu suka miƙe suka tafa masa. Mutumin gwarzo ne, kuma da guminsa ya gina kansa. Sai dai an tambaye ka wace riga ce ta fi kyan aiki, kai kuma ka kawo mana wadda ta fi cin yadi.

Ka tuna lokacin da Baba, Allah Ya jiƙansa, yake ɗora ka a kafaɗa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe? Masu sukuwa su taho a guje, ƙura ta turnuƙe, su ja linzami su yi jinjina, jama'a su ɗauki sowa. Wannan jarumta ce, kuma tana da daɗin kallo. Amma can cikin ayari akwai dokin da ba ya gudu, taƙama kawai yake yi, yana ɗaga ƙafa yana saukewa kamar ƙasar ba ta isa ya taka ta ba, mahayinsa ko rawaninsa ba ya motsi. Mu yara masu sukuwa muke kallo, Baba kuwa wancan dokin yake bi da ido har ya ɓace. A lokacin ban gane dalili ba. Sai da na zo ƙasar da ba a hawan sallah na gane, kuma a filin ƙwallo na gane.

Ga yadda aka yi. Jirgin ƙasan da nake shiga zuwa aiki daga New Carrollton, idan ya wuce Minnesota Avenue ya haye kogin Anacostia, yakan gifta ta gefen filin wasa na RFK kafin ya nutsa ƙarƙashin ƙasa. D.C. United ta bar filin a 2017, ta koma Audi Field a 2018, ya zauna kango, sannan a 2025 na riƙa gani ta taga ana cinye shi kaɗan-kaɗan da manyan motocin rusau. Sauran fasinjoji ko ɗaga kai ba sa yi daga wayoyinsu. Ni kuwa a filin nan na kalli Gasar Cin Kofin Duniya da idona a 1994, ina sabon zuwa, kuɗin tikitin ma aro na yi.

Wasa biyu na shiga, duka na Saudiyya. Na biyun shi ne wanda duniya ta sani: 29 ga Yuni, da Beljiyam, da tsakar rana, zafi kamar Kano a watan Afrilu. Minti biyar da take wasa Saeed Al-Owairan ya karɓi ƙwallo a cikin gidansu ya nausa da gudu, ya ratsa 'yan bayan Beljiyam ɗaya bayan ɗaya, ya je ya ci Michel Preud'homme, golan da aka ba kyautar gwarzon mai tsaron raga a gasar. Wallahi na yi ihu har muryata ta dushe, na rungume wani Balarabe da ban taɓa gani ba. To amma ka nemo hotonta ka sake kallo a natse. Gudu ne da ƙarfin zuciya da taimakon Allah, ƙwallon tana tsere masa yana cim mata, 'yan baya suna ja da baya kamar an yi musu asiri. Sukuwa ke nan. Kwana tara kafin wannan, a filin dai, na kalli Saudiyya da Holan. Holan ta ci 2-1, Wim Jonk da Gaston Taument suka ci mata. Akwai wani dogon yaro fari mai lamba 10 da bai ci komai ba ranar, amma duk lokacin da aka aiko masa da ƙwallo, kowace irin aikowa ce, da ta taɓa ƙafarsa sai ta kwanta kamar jaririn da aka goya. Na koma gida ina tunaninsa. Sunansa Dennis Bergkamp.

Shekara huɗu bayan haka ya nuna wa duniya abin da na hango. Ranar 4 ga Yulin 1998 a Marseille, Holan da Ajantina suna 1-1, saura ƙiris a tashi. Frank de Boer ya ɗago ƙwallo tun daga gidansu, ta yi doguwar tafiya a sama. Bergkamp ya miƙa ƙafar dama ya sauke ta kamar mai karɓar ƙwai, ya sake taɓa ta ya bar Roberto Ayala yana kallon wani wajen, a karo na uku ya sa gefen ƙafa na waje ya aika ta saman raga. Sau uku kacal ya taɓa ta. Ka cire ɗaya babu ci, ka ƙara ɗaya an tare shi. To Auta, abin da nake kira kyan wasa ke nan: mutum ya yi abu mai matuƙar wuya ba tare da gaggawa ba, ba tare da ƙari ba, har mai kallo ya ji kamar shi ma in an ba shi zai iya. A jadawalinka wannan ƙwallon ɗaya ce, daidai take da wadda ta bugi gwiwar mutum ta faɗa raga yana kallon wani wajen.

Kuma ka san a garin nan Johan Cruyff ya taɓa zama? Ko Amurkawan da nake aiki da su yawancinsu ba su sani ba. Ya buga wa wata ƙungiya da ake kira Washington Diplomats a 1980, ya ɗan dawo a 1981, a wannan filin na RFK. Ban riske shi ba, a faifan bidiyo na san shi. Juyin nan da ake koya wa yara da sunansa a duk duniya, inda mutum zai yi kamar zai buga sai ya ja ƙwallon ta bayan ƙafarsa ya juya, ya yi shi ne ranar 19 ga Yunin 1974 a Dortmund, a gaban wani ɗan bayan Suwidin mai suna Jan Olsson. Ka san yadda aka tashi wasan? Canjaras, babu ci. Juyin bai haifar da ƙwallo ba, Holan ma ba ta ɗauki kofin ba, Jamus ta Yamma ta doke ta a wasan ƙarshe. In da kalkuletarka za a bi, ba abin da ya faru ranar. Ga shi an haura shekara hamsin, Cruyff ya rasu tun 2016, amma ko a filin firamaren unguwarmu ana yin juyin. Haka Brazil ta 1982, ta Sócrates da Zico da Falcão, wadda Paolo Rossi ya kora gida da ƙwallo uku. Brazil ta 1994 ta ɗauki kofi a ƙasar nan da bugun fenareti bayan minti 120 babu ci. Ka tambayi Kawu wacce yake tunawa a cikin biyun.

Wanda na kalla sosai da idona a RFK shi ne Marco Etcheverry, ɗan Bolibiya mai dogon gashi, da ya buga wa D.C. United daga 1996 zuwa 2003. Mutanen ƙasarsu da ke zaune a Arlington da kewaye sukan cika gefe guda da ganguna saboda shi. Ba shi da gudu, ƙafar damarsa ta hawa mota ce kawai, amma in ya ɗaga kai ya sa ƙafar hagu, sai ka ga ƙwallo ta tsallake mutum shida ta sauka a gaban wanda ko shi bai san ya fita fili ba. A wasan ƙarshe na gasar Amurka a 1996, cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, an ci su biyu, suka farke suka ci 3-2, kuma daga bugun kusurwarsa Eddie Pope ya sa kai ya ci ta ƙarshen. Ku kwatanta da abin da Wayne Rooney ya yi a Audi Field cikin Agustan 2018 a wasa da Orlando, inda ya bi ɗan wasa da gudu tun daga tsakiyar fili ya ƙwace ƙwallo, ya ɗago ta Luciano Acosta ya ci a minti na 96. Har gobe ana nuna wannan a talabijin a nan, kuma ya cancanta. Himma ce da kishi. Amma tambayar yaron nan ba ta himma ba ce.

In an matsa mini in ambaci mutum ɗaya, Zinedine Zidane zan ce, kuma ba don ƙwallon da ya ɗauke a sama da ƙafar hagu a Glasgow a 2002 ba, duk da ita ma ta isa. Hujjata wasan Faransa da Brazil ne, 1 ga Yulin 2006 a Frankfurt. Yana da shekara 34, ya riga ya sanar zai yi ritaya, jaridu suna cewa ya tsufa. A gabansa ga Ronaldo na asali, ga Ronaldinho, ga Kaká, ga Cafu da Roberto Carlos. Ya mai da su 'yan kallo. Ya ɗaga ƙwallo ta saman kan Ronaldo ya karɓe ta a ɗaya gefen, ya riƙa juyawa a kanta kamar mai rawar ƙoroso a hankali, ba wanda ya ga ya yi gudun tsira ko sau ɗaya. Bai ci ba ranar, Thierry Henry ya ba wa daga bugun tazara aka tashi 1-0. Na san Yaya za ku ce wane irin kamala ne ga mutumin da ya tunkuyi Materazzi a ƙirji bayan kwana takwas a Berlin? Gaskiyarku, Yaya, kuma ba ranar ya fara ba. A 1998 an ba shi jan kati don ya taka Fuad Amin na Saudiyya, wanda, abin mamaki, shi ne ya ci Holan a gabana a RFK. Ba na kare shi. Da surukin da za a ba 'ya ake nema, da ban kawo sunansa ba. Ƙafarsa ake tambaya, ba zuciyarsa ba.

Yanzu bari in taɓo inda na san za a yi mini ca. A 'yan wasanmu na gida, Nwankwo Kanu ya fi Jay-Jay Okocha kyan wasa. Na faɗa, kuma ba zan janye ba.

Ku tsaya ku ji kafin ku fara buga waya. Ba wanda ya kai ni son Okocha. Ranar wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Legas a Fabrairun 2000, lokacin da ya narka wa Kamaru ƙwallon nan daga nesa aka koma 2-2, sai da maƙwabcina na bene na ƙasa ya hauro ya buga mini ƙofa. Kuma har yau ina ganin an zalunce shi da CAF ba ta taɓa ba shi gwarzon Afirka ba, sai BBC ce ta ba shi sau biyu. Amma ku ɗauki ƙwallonsa da aka fi yabo, wadda ya ci Oliver Kahn a 1993 yana Eintracht Frankfurt, wadda Jamusawa suka zaɓa ƙwallon shekara. Ya yanka hagu, ya yanka dama, ya dawo, ya sake komawa, Kahn yana rarrafe a ƙasa, 'yan baya suna zubewa suna tashi. Tun a yankan farko raga ta buɗe. Sauran duk don mu ne 'yan kallo, kuma mun gode. Okocha so yake ka san abin da yake yi yana da wuya, ka riƙe baki. Irin aikin rigar da aka cika wa zare har wuya ya yi nauyi: kowa zai juyo ya kalla, amma ado ya rinjayi rigar.

Kanu kuwa fa? Dogo kamar raƙumin dawa, kusan mita biyu, ƙafa kamar faifai, tafiyarsa kamar wanda aka tasa daga barci. A ido ba abin da ya haɗa shi da kyau. Amma ku tuna 31 ga Yulin 1996 a garin Athens na jihar Georgia, wasan kusa da na ƙarshe na Olamfik. Brazil ta Bebeto da Ronaldo da Rivaldo tana cin mu 3-1, Victor Ikpeba ya rage, aka shiga minti na 90 muna 3-2. Okocha ne ma ya yi doguwar jifa cikin gidan gola. Ƙwallo ta faɗo cikin turmutsitsi, kowa yana harbin iska, ga Dida ya taso. A wannan wuri, a wannan minti, da ƙasa guda a kan wuyansa, Kanu ya ba raga baya, ya ɗan ɗaga ƙwallon sama da kan ƙafarsa kamar yana wasa a tsakar gida, ya juya ya tura ta ciki. Minti huɗu cikin ƙarin lokaci ya yi kamar zai buga, mai tsaronsa ya zube, ya gyara ya ci ta zinare da ƙafar hagu. Bayan 'yan watanni likitoci a Italiya suka gano ciwo a zuciyarsa, aka kawo shi Cleveland a nan Amurka aka yi masa aiki, mutane suka ce ya gama ƙwallo.

Sai ga shi a Stamford Bridge cikin Oktoban 1999. Chelsea tana cin Arsenal 2-0, saura minti goma sha biyar, fili ya jiƙe sharkaf. Ya ci ɗaya, ya ci biyu. Ta ukun ita ce magana: yana kan layin ƙarshe can gefe, gola Ed de Goey ya fito masa, ya kauce masa da motsi ɗaya, ya ɗaga kai ya ga Desailly da Leboeuf, zakarun duniya biyu, sun tsaya a bakin raga. Duk mai hankali zai mayar wa abokin wasa. Shi kuwa ya lanƙwasa ta ta samansu daga inda ko ragar ba a gani sosai. Bai yi yanka biyar ba, ɗaya ya yi, don ɗaya ake buƙata. Na san abin da za ku jefe ni da shi: bai taɓa cin ƙwallo ana cikin wasa a gasar Kofin Afirka ba, kuma a wancan wasan na Legas an tare fenaretinsa. Haka ne. Kun ga kun koma kalkuleta ke nan.

Auta zai ce son kai ne, don duk gidan an san ni ɗan Arsenal ne, na kawo Bergkamp na kawo Kanu. To bari in shigo gidanku. Oktoban 2008, Manchester United da West Ham a Old Trafford. Ƙwallo tana shirin fita ta layin ƙarshe, Dimitar Berbatov, wanda ku da kanku kuke zagi da lalaci, ya taka ta, ya juya a kanta ya ɗaga ta ta gefen James Collins, ya wuce ya miƙa ta bakin raga. Wa ya sa ƙafa ya tura ta ciki daga taku uku? Cristiano Ronaldo. Tana nan cikin 900 ɗin da ka turo mana. Ka gaya mini tsakani da Allah, a cikin su biyun wa ya yi kyan wasa a wannan ƙwallon? Ko Fernando Redondo na Real Madrid, da ya zagaye Henning Berg da dunduniya a filin nan dai a shekarar 2000, ya ba Raúl ya tura. Sunan Raúl aka rubuta.

Ban manta da 'yan baya ba. Paolo Maldini ya yi wa Milan wasa daga 1985 zuwa 2009, sau da yawa yakan tashi wasa wandonsa fes, don ya riga ɗan gaba sanin inda ƙwallo za ta faɗo, ba ya buƙatar zamiya. Franz Beckenbauer haka. A tsakiya akwai Michael Laudrup, wanda yana Barcelona aka ci Real Madrid 5-0 a 1994, ya koma Madrid aka rama 5-0 a 1995. Akwai Iniesta, akwai Pirlo. A nahiyarmu akwai Rabah Madjer na Aljeriya da dunduniyarsa a ragar Bayern a 1987, da Abedi Pele. Dattawanmu kuma har yau ba su daina zancen ƙafar hagun Haruna Ilerika na Stationery Stores ba.

Messi fa? In tambayar wa ya fi kowa iyawa ce, a tsakaninsa da Maradona da Pelé zan tsaya, kuma watakila shi zan ɗauka. Amma Messi na ƙuruciya, mai ƙwallo 91 a 2012, ƙafarsa kamar keken ɗinki take, ido ba ya iya bin ta sai an maimaita a hankali. Sai da ya manyanta ya koma tafiya a fili sannan ya shigo sahun da nake magana. Ƙwallon da ya zura wa Nahuel Molina ta tsakanin 'yan Holan a Qatar a 2022, ba tare da ya kalli inda yake ba, wannan kam taƙama ce.

Za ku ce duk wannan dogon surutu a kan wasa? Abin da ya sa na damu ke nan. Ƙasar nan da nake zaune ba abin da ba sa ƙirgawa. Wasanninsu na gado, irin wanda ake bugawa da kulki da na kwando, kusan rabinsu lissafi ne, kuma sun kawo wannan ɗabi'a cikin ƙwallon ƙafa. Shekarun baya na sa yarona a wata ƙungiyar yara a nan Maryland, irin waɗanda iyaye ke biyan dubban daloli a shekara. Akwai wani ɗan siririn yaro a cikinsu, iyayensa 'yan Amurka ta Tsakiya ne, wanda in ƙwallo ta zo masa yakan taka ta, ya ɗaga kai, ya jira daƙiƙa ɗaya. A cikin wannan daƙiƙar iyaye sun cika fili da ihun ya buga, ya buga. Kocin yana da takarda da yake rubuta wanda ya fi gudu da wanda ya fi harbi. Yaron nan kullum yana ƙasan takarda, kullum yana benci. Kafin shekara ta zagayo ya daina zuwa. Ni ban ce zai zama Zidane ba. Amma shi kaɗai ne a cikinsu yake ganin fili, kuma an koya masa cewa ganin laifi ne.

Da na zo gida hutun ƙarshe na ga ɗaya fuskar matsalar. Na je kallon ɗan Yaya a filin firamare da yamma. Yaron yana da ƙafa, Allah Ya ba shi. Amma duk ƙwallon da ta zo masa sai ya tsallaka ta da ƙafa sau huɗu, ya nemi ya zura ta tsakanin ƙafafun wani, abokansa suna ɗauka da waya. In ya yi yanka aka ƙwace, a yi masa sowa. Wani yaro a bayansa ya ba da ƙwallo ɗaya da ta raba 'yan baya biyu, ko tari ba wanda ya yi. Su a hoton daƙiƙa talatin suka san ƙwallo, ba su taɓa zama sun kalli minti casa'in na mutum ɗaya ba. Alhali ga malami a ƙofar gida: Rabi'u Ali Pele ya haura shekara 40 yana buga wa Kano Pillars, ba don ya fi yaran gudu ba. Kuɗin mota zuwa filin Sani Abacha a Ƙofar Mata bai kai kuɗin datar da suke ƙonawa ba. A nan ana kashe mai natsuwa da takarda, a gida ana kashe shi da tafi, kuma mu manya da muke turo jadawali a waya muna cikin masu laifin.

Saboda haka Auta, ga sharaɗina. Ka nemo wasan Faransa da Brazil na 2006 cikakkensa, ba guntayen da ake yankowa da kiɗa ba. Ka kira ɗan Yaya ku zauna tare, ku kashe sauti in kun ga dama, kada ku bi ƙwallo da ido, mai lamba 10 na Faransa kawai za ku bi. Ni zan turo kuɗin data da na lemo. In kun gama ka kira ni, ko ƙarfe nawa ne a nan zan ɗauka. In har bayan haka kana kan bakanka, ka rubuto amsarka zan liƙa ta a nan yadda ka rubuta, ba zan taɓa ko wasali ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada in ga lamba a ciki.

Yaya, ku yi haƙuri na sa ɗanku a wasiƙa, gyara nake nema masa. Kawu kuma muna jiran hukuncinku a kan Kanu da Okocha, don na san ba za ku yi shiru ba. Mai zuwa Washington cikin watan gobe ya taimaka ya riƙo mini kilishi da kuka, an ce a naɗe su da kyau kuma a nuna wa jami'an filin jirgi, in sun karɓe kilishin na yafe.

A gaida yara duka. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Naku,
Ɗan'uwanku na Maryland